Tsoho Mai Yatsu Tara

Safara'u ta yi wa mahaifinta ƙarya, da littafi buɗe a hannunta.

Ba ta taɓa yi ba. Malam Gwadabe dillalin shanu ne a karar Wudil, mutum mai kaushi, mai ji da kansa. Ya yi allo gwargwadon abin salla. Boko kuwa ko baƙi ɗaya bai sani ba, kuma ba ya son kowa ya ga hakan. Duk takardar da ta shigo gidan, 'yarsa ce mai karantawa. Tun rasuwar mahaifiyarta haka suke. Bayan la'asar ya shimfiɗa buzu a gindin darbejiyar tsakar gida, ta zauna a gefe tana karanta masa jarida, yana taunar goro yana gyaɗa kai.

Sau ɗaya ya taɓa yabonta.

"Ke ce idona," ya ce.

Bai maimaita ba. Ita kuwa ta adana kalmar nan fiye da awarwaron da uwarta ta bar mata.

Mai neman aurenta Halliru ne, ɗan Sabon Gari, malamin firamare a Lajawa. Ya rubuta littafi har an buga, ya sa masa suna *Ranar da Kogi Ya Ƙafe*. Labarin wani zamani ne mai zuwa. Koguna sun ƙafe, gonaki sun mutu, mutane sun cunkushe a birni ɗaya mai famfo ɗaya. Duk yaron da ya balaga, masu mulki su kwashe shi zuwa haƙar mai, ba ya dawowa. Wata yarinya Yelwa da saurayinta Auta suka gudu. Littafin ya ƙare suna laɓe a gindin ganuwa, ƙofa a kulle.

Da Safara'u ta rufe shafin ƙarshe, tsohon ya zaro ido.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba. Sai kashi na biyu."

"Wane irin mutum ne zai bar 'ya'yan mutane a gindin ganuwa ya yi tafiyarsa? Ki gaya masa ya fitar da su!"

Littafin ya shiga ransa. Amma marubucin bai shiga ba tukuna.

Shekarar da aka raba wa ma'aikata kuɗin Udoji, Halliru ya sayi babur sabo fil. Ya tara suma, ya sa wando mai faɗin ƙafa, ya zo gaisuwa har bakin zaure babur na tuƙa hayaƙi. Malam Gwadabe na zaune da abokansa. Ya miƙe, ya kama haɓar saurayin da hannunsa na hagu, wanda igiyar bijimi ta cire wa ƙaramin yatsa tun yana matashi. Ya buɗe masa baki ya leƙa haƙora, yadda yake yi wa shanu.

"Maraƙi ne," ya ce. "A mai da shi ruga ya ƙara shekara."

Zaure ya ɗauki dariya. Halliru ya tura babur ɗinsa da hannu ya tafi, ko tayar da shi bai iya ba.

Shekara ta zagayo. Halliru ya aske suma, ya dawo cikin babbar riga, a ƙasa. Tsohon ya sauko. Aka sa rana bayan girbi.

Wata Juma'a Malam Gwadabe ya dawo daga kara da sauri, ya zaro littafi daga aljihu.

"Ga kashi na biyu, ya fito! A wajen mai littattafai na gani, na gane hoton ganuwar. Shi gogan bai ce mana komai ba. Zauna ki karanta."

Ta zauna. Ta buɗe tana murmushi.

"A ƙofar birnin akwai wani tsoho mai jar dara, mai yatsu tara. Duk yaron da aka kawo, sai ya kama haɓarsa ya leƙa haƙoransa..."

Tsohon ya daina tauna. Ya ɗaga hannunsa na hagu ya duba. Ya taɓa hularsa. Sai ya bushe da dariya, irin wadda Safara'u ba ta ƙara ji ba tun uwarta na raye.

"Kai! Ai ni ne! Ja'irin yaro, ya sa ni a littafi! Ci gaba, ci gaba!"

Idonta ya riga bakinta. Ta ga abin da ke biye. Tsohon nan shi ke zaɓo 'ya'yan mutane yana miƙa wa masu mulki, ana ba shi tulun ruwa a kan kowane yaro. Har 'yar cikinsa ya buɗe wa baki, ya ce ta isa, a tafi da ita.

Ta dubi mahaifinta. Fuskarsa a sake take, yana jira.

"Idan... idan ya leƙa, sai ya ce maraƙi ne, bai isa ba," ta ce, idonta a kan takarda. "Sai a mai da yaron gida. Da haka yake kuɓutar da su, masu mulki ba su sani ba."

Malam Gwadabe ya yi gyaran murya.

"Ashe yaron nan ya gane," ya ce a hankali. "Ya gane ba wulaƙanta shi na yi ba."

Ta juya shafi.

Washegari da yamma Halliru ya zo zance. Ko tabarma ba ta shimfiɗa masa ba. Ta tsaya a soro, ta miƙa masa littafin.

"Malam, me Baba ya yi maka?"

Ya dubi littafin, fuskarsa ta canza.

"Ina kuka same shi?"

"Tambayarka na yi!"

"Safara... raina a ɓace na rubuta. Kin ga abin da ya yi mini a gaban mutane. Kafin ya sauko, takardun sun riga sun tafi wajen bugawa. Na bi su har can, aka ce an gama."

"Ka sa ya sayar da 'yarsa! Ni ke nan, ko?"

"Wallahi ba ke nake nufi ba..."

"To wa? 'Ya'yansa mata nawa?"

"Hasken zuciyata, ki saurare ni..."

"Kada ka kira ni haka yau."

Ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, "Me ya ce da ya ji?"

Ta gaya masa abin da ta yi. Ta ga ya sauke ajiyar zuciya, kafaɗunsa sun saki. Kunya ta kama ta, tata da tasa a haɗe.

"To ki ci gaba a haka," ya ce. "Har a ɗaura. Bayan aure ni da kaina zan durƙusa a gabansa."

"In ci gaba da yi wa ubana ƙarya?"

"Ni dai ke nake so, Safara. In ya ji yanzu, ya fasa. Kin san shi."

Ta san shi. Ta kuma san zuciyarta. Halliru ne ya fara ce mata muryarta ta fi ta masu karanta labarai daɗi. Shi ne yake takowa daga Lajawa cikin ruwan damina don ya gan ta ta ce masa sannu. Ta share hawaye da gefen mayafi.

"Ni kaɗai ya yarda da ita a duniyar nan, Malam. Ka san abin da ka sa ni ɗauka?"

"Na sani, masoyiyata. Kaɗan ya rage."

Ta karɓi littafin ta koma ciki.

Kullum bayan la'asar ana shimfiɗa buzu. Kullum tana buɗe littafin Halliru, tana karanta nata. Ta sa tsoho mai yatsu tara ya ɓoye Yelwa a rumbu. Ta sa ya raba ruwansa da marayu. Ta sa masu mulki suka ɗaure shi a rana, bai faɗi inda yaran suke ba. Tana juya shafi a daidai lokaci, kada ya lura. Ta ƙware. Ƙwarewar ce ta fi ci mata rai.

Malam Gwadabe kuwa ya zama wani mutum. Ya rage faɗa. Ranar kasuwa, tsakanin ƙurar shanu da ƙarar manyan motocin siminti masu haye gada, yana ɗaga hannunsa na hagu yana nuna wa dillalai.

"Surukina ya sa ni a littafi. Ku nemi mai karanta muku!"

Waɗanda suka karanta, malaman makaranta da ma'aikata, sukan dubi juna su kau da kai. Ba wanda ya isa ya gaya wa Gwadabe. A bakin famfo, in Safara'u ta zo, 'yan mata sai su yi shiru.

Rannan Malam Gwadabe ya sa aka ja wa Halliru ɗan maraƙi ja har gida.

"Ka ce masa maraƙi ne ga maraƙi," ya ce da mai kaiwa, yana dariya.

Da Halliru ya zo godiya, ya kasa ɗaga ido. Tsohon ya ɗauka kunyar suruki ce, ya ƙara sonsa.

Da yammar nan, bayan karatu, bai tashi da wuri ba.

"Da uwarki na raye ta ji wannan," ya ce. "Ta sha ce mini mutane tsorona suke ji, ba sona suke yi ba."

Safara'u ta ce hayaƙin murhu ne ya shiga mata ido, ta gudu ɗaki.

Ana cikin haka Halliru ya zo da rana tsaka, ba lokacin zance ba, gumi na zuba masa.

"Safara, mun shiga uku! Gidan rediyo za su fara karanta littafina ranar Asabar da yamma."

"Wanne?"

"Na biyun! Tun bara na aika musu, na manta..."

"Ka manta!"

"Ki hana shi ji. Ki yi wata dabara, don Allah."

"Dabarata ta ƙare, Malam. Ni zan gaya masa."

Amma tsohon ya riga ya ji sanarwa. Ya sayo goro, ya gayyato abokansa. Ranar Asabar ta same shi yana kakkaɓe tabarmin zaure da kansa.

"Baba, akwai maganar da nake son..."

"Bayan shirin. Je ki dama fura, mutane za su zo."

"Baba, don Allah..."

"Kurma ce ke? Na ce bayan shirin!"

Ƙarfin halinta ya tsaya nan. Ta shiga ɗakinsa, ta zare batiran rediyonsa, ta tura su cikin buhun gero.

Mutane suka cika zaure. Malam Gwadabe ya ɗauko rediyo ya murɗa. Shiru. Ya bubbuga ta. Shiru.

"Jiya-jiya na sa mata sababbi!"

"Kwantar da ranka," in ji Haladu mahauci, amininsa. Ya sauke tasa daga kafaɗa, don a shekarun nan kowane magidanci da rediyonsa yake yawo. "Tawa ta fi taka murya ma."

Safara'u na tsaye a bayan bangon zaure da ƙwaryar fura. Ta ji an murɗa. Ta ji muryar mai karatu ta fito tar.

"A ƙofar birnin akwai wani tsoho mai jar dara, mai yatsu tara..."

"Kai ne, Gwadabe! Wallahi kai ne!"

"Ku yi shiru ku ji," ya ce. "Yanzu za ku ji abin da ya yi."

Suka ji.

Suka ji tulun ruwa a kan kowane yaro. Suka ji uwaye na kuka a bakin ƙofa, tsohon na kora su da sanda. Suka ji ya kama haɓar 'yarsa, ya leƙa, ya ce, "Ta isa, ku tafi da ita."

Haladu ya miƙa hannu zai kashe.

"Bar ta."

"Ai batirin ne ya fara..."

"Na ce bar ta! Kada kowa ya tashi."

Suka zauna har aka gama. Malam Gwadabe ya raba musu goro da hannunsa, hannun nan na hagu, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya shigo ciki. Ya same ta a bayan bango, ƙwaryar fura a hannunta.

Ya dube ta. Ta so ƙasa ta buɗe.

"Kai wa baƙi fura," ya ce, ya wuce.

Da ma ya mare ta.

Daga ranar ba a ƙara shimfiɗa buzu a gindin darbejiya ba. Bai yi faɗa ba. Yana amsa gaisuwa, yana cin abin da ta dafa. Wata safiya ta fito ta ga batiran nan a jere a bakin ƙofar ɗakinta, da ƙurar gero a jikinsu. Ta durƙusa a wajen ta yi kuka, babu murya.

A kara kuwa, in ya wuce, samari sai su kama haɓar juna suna leƙa haƙora. Yana gani. Bai daina zuwa ba, bai sauya jar dararsa ba. Kuma kowace Asabar yakan zauna a zaure shi kaɗai da rediyonsa, har aka karance littafin kaf.

Sannan ya aika a kira Halliru.

Halliru ya zo ya zube tun daga bakin ƙofa. Safara'u na durƙushe can gefe, fuska a cikin mayafi.

"Na ji littafinka," in ji tsohon. "Na gaskiyar."

"Baba, ka yafe mini..."

"Ban gama ba. Bai kai na farko ba."

Halliru ya ɗago.

"A na farko kana son yaran nan. Ina ji in sun ji ƙishirwa. A na biyu ka manta da su, ka tsaya kana dukan tsoho. Yelwa sau nawa ta buɗe baki? Auta kamar buhu, a ɗauke shi nan a ajiye can. Shekara ina jira su fita, har yau suna gindin ganuwa. Fushi ne ya rubuta wannan, ba kai ba."

"Gaskiya ne, Baba. Zan rubuta na uku. Zan wanke tsohon, in nuna cewa..."

"Ka bar tsohon yadda ka yi shi. Ka fitar da yaran."

Ya ɓare goro, bai ci ba.

"Na buɗe maka baki a gaban abokaina. Kai ka buɗe nawa a gaban duniya. Ka rama, har ka wuce. Amma da sunanka a jiki ka yi, ba ka ɓoye ba. Aure yana nan. Na riga na ba da, ba na janyewa. Tashi ka tafi."

Halliru ya fita yana kuka yana godiya. A bakin ƙofa ya waiwayo ya dubi Safara'u, idonsa cike da murna. Ita ba ta ɗago ba.

Tsohon ya yunƙura zai tashi.

"Baba... ni fa?"

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Shi na yi masa, ya rama. Ke me na yi miki?"

"Tsoro na ji, Baba."

"Tsoron in fasa?"

"Da shi... da kuma dariyarka. Na daɗe ban ji ba. Na kasa katse ta."

"Sai kika zaunar da ni kamar yaro, kina ba ni labari ina washe baki. Kika bar ni na shiga kasuwa ina ɗaga hannu. Kika bar ni na tara mutane." Muryarsa ba ta ɗaga ba. "Har uwarki na ambata a kai."

"Ka yafe mini, Baba!"

"Na yafe. Je ki, tuwo zai ƙone."

Aka yi girbi. Aka ɗaura aure ranar da aka sa. Malam Gwadabe ya yanka bijimi, ya yi wa 'yarsa gado da jere, ba abin da ya rage. Mutane suka ce ba a taɓa ganin uba mai haƙuri haka ba.

Ranar da za a kai ta gidan miji, bayan la'asar, gida cike da mata da guɗa, Safara'u ta sulale. Ta ɗauko buzun nan da ya yi ƙura a bayan ƙofa. Ta kakkaɓe, ta shimfiɗa a gindin darbejiya da hannuwanta masu lalle.

Ya fito daga ɗaki zai wuce zaure. Ta ga gefen wata takarda a aljihun rigarsa, ta ofishin dabbobi, mai hatimi. Ta san inda yake kai irinsu yanzu. Wajen wani mai rubutun wasiƙa a bakin kasuwa yake kaiwa, ya tsaya a layi kowa na gani, mutumin da a da ko aminansa ba ya bari su san bai iya ba.

Ta sha gabansa, ta durƙusa.

"Baba, zauna kaɗan. Kawo in karanta maka."

Ya dubi buzun. Ya daɗe yana kallo.

"Allah ya ba ku zaman lafiya," ya ce. "Ki bi mijinki. Yaro ne, amma zai girma."

"Amin, Baba. Kawo takardar... sau ɗaya kafin in tafi."

Bai motsa ba.

"Wallahi baƙi ɗaya ba zan canza ba. In ka so ka kai wa mai wasiƙa ya sake karantawa, ka gani. Sabon Gari ba nisa, kullum la'asar zan zo. Baba, kai ka ce ni ce idonka..."

Hawaye suka wanke kwallin da aka sa mata. Daga ciki mata na kira, "Ina amarya? Mota ta iso!"

Tsohon ya ɗora hannunsa mai yatsu huɗu a kanta, ya bar shi ya ɗan jima. Sannan ya janye, ya tura takardar can cikin aljihu.

"A'a," ya ce. "Ba za ki ƙara karanta mini ba."